Kifin Bonga a Bakin Kogin Komo, Libreville

Duk wanda ya taɓa zama a Legas ko Fatakwal ya san kifin bonga, amma galibi a matsayin banda ya san shi, baƙi ƙirin a cikin kwando. Masana kimiyya suna kiran sa Ethmalosa fimbriata, sunan da ya samo asali daga bayanin da Bowdich ta yi a kansa a 1825. Dangin sardin ne, shi ya sa mutanen Libreville, babban birnin Gabon, suke ce masa sardin kawai. Ana samun sa a gaɓar tekun Atilantika tun daga Muritaniya har zuwa Angola.

Kifi ne fari kamar azurfa, mai faɗin jiki da yawan ƙaya, da ɗan baƙin ɗigo a bayan kunnensa. Wanda aka fi kamawa bai cika wuce santimita 25 ba. A garke yake yawo, kuma ba ya farautar wasu kifaye. Sai dai ya buɗe baki ruwa ya shiga, wasu siraran tsinkaye da ke jere cikin kunnuwansa su tace masa ƙananan tsirrai da halittun da ido ba ya gani, tamkar yadda rariya take yi wa gari.

Abin da ya fi muhimmanci a fahimta game da bonga shi ne juriyarsa ga sauyin gishirin ruwa. Yawancin kifaye ko dai na teku ne ko na kogi. In aka sauya musu ruwa sai su mutu. Shi kuwa bonga ya fi son inda ruwan biyu suka gauraya. Libreville tana bakin irin wannan wuri ne, wato inda Kogin Komo ya buɗe ya shiga teku. Da damina ruwan daɗi yakan rinjayi na teku a wannan mashiga. Da rani kuwa, daga Yuni zuwa Satumba (lokacin da ƙasar Hausa take tsakiyar damina ke nan), ruwan gishiri yakan kutsa ciki sosai, bonga ya bi shi.

'Ya'yan kifin suna girma ne a ruwa marar zurfi, kusa da itatuwan mangurof, waɗanda ke tsirowa cikin laka mai gishiri da saiwoyinsu a waje. Ganyen da ke ruɓewa a nan shi ne takin ruwan. Akwai irin wannan kurmi a Akanda, arewa maso gabas da birnin, da Pongara a ƙetaren mashigar. Dukkansu suna cikin gandaye 13 da gwamnatin Omar Bongo ta keɓe a 2002.

To, a nan gizo ke saƙar. Bonga kifi ne mai maiƙo, ba ya jimawa yake lalacewa, don haka dole a yi bandarsa da wuri. Masuntan da ke kama shi a kwalekwale, waɗanda da yawansu 'yan Nijeriya da Benin ne, su da matan da ke aikin banda, sun daɗe suna amfani da itacen mangurof saboda shi ne a kusa, kuma yana cin wuta a hankali. Hana sara a takarda ba shi da wuya, amma macen da aka sauke wa kifi cike da kwalekwale da asuba tana bukatar makamashi kafin rana ta take.