Karayar ƙashin cinya: aikin da jiki ke yi bayan aikin likita

Ƙashin cinya shi ne mafi tsawo da ƙarfi a jikin ɗan Adam. Ga mai ƙuruciya, ba ya karyewa sai da babban bugu, kamar hatsarin mota ko babur. In ya karye, jinin da ke zuba cikin cinya yakan kai lita 1 ko fiye. Don haka a gaggauta kai mutum asibiti.

A can likita yakan yi aiki, ya zura dogon ƙarfe cikin ramin ɓargo. Wani likitan Jamus, Gerhard Küntscher, shi ya fara wannan dabara a 1939. Amma ƙarfe riƙe ƙashi kawai yake yi. Jiki ne ke haɗa shi.

Masu tsaron jiki

Cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyi da ido ba ya gani. Su ne sojojin jiki. Tun ranar farko wasu kan isa wurin karaya, su kashe ƙwayoyin cuta. Bayan kwana 2 ko 3 wasu su biyo baya, su share mataccen nama, su kira ƙwayoyin da ke gina ƙashi. Wannan aiki ne ke kawo kumburi da zafi a cinya. Bayan sati 2 zuwa 3 guringuntsi ya fara haɗa bakin karayar, sannu a hankali ya zama ƙashi. Haɗuwa sosai takan ɗauki wata 3 zuwa 6.

Sai dai karaya rauni ce, yankan likita ma rauni ne. Biyun in sun haɗu, sojojin jiki kan gaji na ƴan kwanaki. A lokacin ne cuta ke samun ƙofa. Ƙwayoyin cuta kuma in sun manne wa ƙarfe, korarsu na da wuya. Shi ya sa ake ba da maganin kashe su kafin a fara aiki.

Yaushe za a koma wurin likita?

Ɗan zazzaɓi a kwana 2 na farko ba abin tsoro ba ne. Amma a gaya wa likita nan da nan:
– in zazzaɓi ya ƙi sauka, ko ya dawo;
– in miki yana mugunya ko wari;
– in kumburi da ciwo suna ƙaruwa;
– in numfashi ya yi wuya.

Yadda za mu taimaki jiki

A ba majinyaci wake, gyaɗa, nono, ƙwai, kifi da zogale. Ya bar taba, domin tana jinkirta haɗuwar ƙashi. Mai ciwon sukari ya kula da maganinsa. Kada a buɗe miki, kada a shafa masa toka ko garin magani. Kuma kada ya taka ƙafar sai likita ya ba shi izini.