WANKIN ƘODA DA ƘARANCIN BITAMIN C: GABA KURA, BAYA SAYAKI

 Yau maganarmu a kan 'yan uwanmu masu zuwa wankin ƙoda ce, da wata matsala da ke lallaɓo musu ba tare da an ankara ba: ƙarancin bitamin C.

Jikin ɗan Adam ba ya iya haɗa bitamin C da kansa, dole sai daga abinci. Kuma ba ya ajiye shi da yawa. In mutum ya yi wata 1 zuwa 3 ba ya samu, alamu za su fara bayyana. Da shi jiki ke gina kolajin, wato sinadarin da ke riƙe fata, dasashi da bangon jijiyoyin jini. Yana kuma taimaka wa jiki ya amfana da sinadarin ƙarfe wajen yin jini.

To me ya sa abin ya fi shafar masu wankin ƙoda?

Na farko, injin ɗin kansa. Bitamin C ɗan ƙarami ne, kuma yana narkewa a ruwa. Matatar injin ba ta bambance shi da dattin da take cirewa, tare take ficewa da su. Ka lissafa: zaman awa 4, sau 2 ko 3 a mako, kowane zama da asararsa.

Na biyu, dokar abinci. Ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da fotasiyam, kuma in ya taru a jini yana iya tsayar da zuciya. Shi ya sa ake taƙaita musu lemo, mangwaro, gwaba, tumatir da dankalin Turawa. Ka ga kuwa waɗannan su ne gidan bitamin C.

Na uku, girki. Ana koya musu su yanka kayan lambu, su jiƙa, su tafasa, su zubar da ruwan don rage fotasiyam. Dabara ce mai kyau, amma bitamin C ma yana bin ruwan, zafi kuma ya lalata wani ɓangaren.

Alamun sun haɗa da kasala, jini daga dasashi, taruwar jini a ƙarƙashin fata, ciwon gaɓoɓi, da rauni mai jinkirin warkewa. In ya yi tsanani, shi ne cutar sikabi, wadda ta riƙa kashe matuƙan jirgin ruwa a da, har likita James Lind ya gwada lemo a kan wasu daga cikinsu a 1747 ya ga sun farfaɗo. Inda gizo ke saƙa shi ne, mai wankin ƙoda da ma yana fama da kasala saboda ƙarancin jini, kuma ana sa masa hefarin, maganin hana jini daskarewa. Sai a ɗora laifin komai a kansu, a wuce.

Yanzu wani zai ce, ai shi ke nan, bari in je kemis in sayo wa Baba ƙwayar nan mai miligiram 1,000 da ake jefawa a ruwa. Don Allah kar ka yi! Jiki yana mayar da wani kaso na bitamin C zuwa oksalet, ƙoda ce kuma ke fitar da shi. In ba ta aiki, sai ya taru ya daskare a ƙashi, jijiyoyin jini, ido, har da zuciya. Garin neman gira a rasa ido.

Ƙa'idojin KDOQI na Amurka na 2020 sun ce za a iya ba wanda ke cikin haɗarin ƙarancin ƙari don ya kai aƙalla miligiram 90 a rana ga namiji, 75 ga mace. Dubi tazarar da ke tsakanin 90 da 1,000.

Saboda haka, in kana jinyar wani:

Ka gaya wa likitan ƙoda duk wata alama, musamman jinin dasashi.
Ka tambaye shi ko majinyacin na buƙatar bitamin ɗin da aka haɗa musamman don masu ciwon ƙoda.
In an rubuta, a ranar wanki a sha bayan an tashi daga injin, kar ya wanke shi.
Kar a ƙara lemo, ko wani haɗin gargajiya, sai da izinin likita ko masanin abinci.

Ku tura wa duk wanda ke da majinyaci a gida. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Sai mun haɗu a shiri na gaba.