Na'ura Za Ta Yi Kira, Amma Wa Zai Amsa?

A shekarar 1996, a unguwar Ikebukuro ta birnin Tokiyo, aka tarar da gawar wata tsohuwa tare da ta ɗanta marar lafiya da take jinya, kusan wata guda bayan rasuwarsu. Maƙwabta na ta harkokinsu, babu wanda ya sani. Abin ya girgiza Japan. Daga nan ne wani likita ya tunkari kamfanin Zojirushi, mai ƙera fulas da tukunyar dafa shinkafa, da wata tambaya: shin ba za a iya sa kayan da tsoho ke taɓawa kullum su riƙa ba da labarin cewa yana raye ba? A 2001 kamfanin ya fito da fulas na lantarki mai suna i-Pot. Mutanen Japan ba sa wuni ba su sha shayi ba, don haka duk lokacin da tsohuwa ta danna ta tsiyayi ruwan zafi, fulas ɗin ya rubuta lokacin, sannan kullum a aika wa 'ya'yanta saƙo. Ranar da saƙon ya nuna tun safe ba a taɓa shi ba, sai ɗa ya ɗauki waya.

Japan ce ta riga kowa shiga wannan hali, domin kusan kashi 29 cikin ɗari na mutanenta sun kai shekara 65 ko sun haura. Alƙaluman 'yan sandan ƙasar na 2024 sun nuna mutum fiye da 76,000 masu zaman kaɗaici sun mutu a gida, fiye da 58,000 daga cikinsu tsofaffi ne. Ƙasar da ke cikin irin wannan yanayi dole ta nemi dabara, kuma dabarun sun yawaita, a can da Turai da Amurka. Akwai ƙwan lantarki mai kunna kansa da zarar ya ji motsi, akwai 'yar na'urar da ake mannawa a ƙofa ta faɗi lokacin da aka buɗe, akwai akwatin magani mai ƙara idan lokacin sha ya yi, akwai madanni da ake ratayawa a wuya don neman agaji, akwai kuma lasifika irin su Alexa da ake yi wa magana su kunna fitila ko su kira wani. Manufarsu ɗaya ce, wato dattijo ya ci gaba da zama a ɗakinsa, yana harkarsa da kansa, ba tare da an kwashe shi zuwa gidan kula da tsofaffi ba.

Wani zai ce wannan matsalar masu kai iyayensu gidan gajiyayyu ce, mu nan tsoho a tsakiyar iyali yake. Da gaskiyarsa, amma ba duka ba. Gidan gandu yana ta raguwa. 'Ya'ya sun watsu, wannan yana Abuja, wancan yana Legas, wata tana aure a Yamai, wani yana Jidda ko Landan. Jikar da aka ba Hajiya don ta taya ta zama tana makarantar boko da safe, Islamiyya da yamma. Tsakanin ƙarfe takwas da azahar gidaje da yawa ba kowa sai tsohuwa da rediyonta. Kuma kayan nan sun riga sun shigo kasuwanninmu, musamman kyamara mai haɗuwa da waya, wadda 'ya'ya ke saye su aiko gida da kyakkyawar niyya. Shi ya sa ya kamata a san abin da suke iyawa da abin da ba sa iyawa tun kafin a zuba kuɗi.

Babban abin tsoro ga tsoho shi ne faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa. Ƙashin tsoho ya yi laushi, santsi kaɗan a banɗaki sai ƙugu ya karye. Amma likitoci sun fi jin tsoron abin da ke biyo baya, wato daɗewa a ƙasa. Wanda ya kwanta a kan siminti sa'a guda ko fiye ba ya iya tashi, jikinsa na bushewa da ƙishirwa, sanyi na kama shi, naman jikin da ya danne na lalacewa har ya taɓa ƙoda. Mutum biyu za su yi faɗuwa iri ɗaya, wanda aka ɗaga cikin minti goma ya warke, wanda ya kwana a nan ya ƙare a gadon asibiti.

A nan ne fasahar ta fi amfani. Tun 2018 agogon Apple Watch yake iya gane faɗuwa mai ƙarfi. Idan mai shi ya yi kamar minti ɗaya bai motsa ba, agogon zai yi ƙara, sannan ya kira lambar agaji, ya kuma tura wa 'yan uwan da aka sa masa saƙo tare da wurin da mutumin yake. Sai dai kamfanin da kansa ya faɗa cewa ba kowace faɗuwa agogon ke ganewa ba. Tsoho kuwa sau da yawa ba ya faɗuwa tim, sulalewa yake yi a hankali jikin bango, ko ya zame daga bakin gado. Irin wannan na iya wuce na'urar ba ta sani ba.

Madannin wuya kuma nasa aibin daga ɗan'adam yake. Wani bincike da aka yi a Kambirij ta Ingila kan tsofaffi 'yan sama da shekara 90, aka buga a mujallar likitoci ta BMJ a 2008, ya gano cewa a mafi yawan lokutan da suka faɗi su kaɗai suka kasa tashi, akwai na'urar kira a gidan, amma kusan kashi 80 cikin ɗari ba a danna ta ba. Wasu ba su rataya ba, wasu sun ruɗe, wasu sun ce za su iya tashi da kansu, wasu kuma tsoro suke kada a kai su asibiti. Duk wanda ya zauna da dattijo ya san wannan hali. “Kada a tayar wa yara da hankali,” in ji shi, alhali ƙafa ta kumbura. Ga kuma alwala sau biyar a rana: za a cire agogo ko abin wuya a ajiye a kan taga, a shiga banɗaki, wurin da haɗarin ya fi yawa, ba tare da shi ba. Idan za a saya, a nemi wanda ruwa ba ya ɓata shi, a kuma zauna a fahimtar da mai shi har ya yarda da kansa. Na'urar da aka tilasta wa tsoho a ƙarƙashin matashi take ƙarewa.

Gwamnatin Birtaniya ta taɓa gwada abin da gaske. Daga 2008 ta gudanar da babban gwaji a yankunan Kent da Cornwall da Newham, inda aka sa wa wasu mutane na'urorin sa ido a gida, aka bar wasu da kulawar da aka saba. A ɓangaren masu bukatar taimakon yau da kullum, mutum kusan 2,600, sakamakon bai nuna wani raguwar a-zo-a-gani ba a yawan kwanciya asibiti cikin shekara guda. Wannan ba ya nufin kayan banza ne. Abin da yake nunawa shi ne na'ura ba ta hana faɗuwa, ba ta warkar da ciwo. Aikinta ta yi kira. Abin da zai faru bayan kiran yana hannun mutane.

To, a ce ta yi kiran. Da me take aiki? Da wuta da intanet. Ko a Birtaniya, inda mutum wajen miliyan biyu suka dogara da irin wannan ƙararrawa, wannan tambaya ta tayar da ƙura. Tsohon layin tarho na waya yana aiki ko an ɗauke wuta, domin daga ofishin tarho yake samun lantarkinsa. Sabon layin da ke bi ta intanet kuwa yana mutuwa tare da wutar gida idan babu batir. Da aka fara sauya wa mutane layi, wasu ƙararrawa suka daina aiki masu su ba su sani ba, kuma hakan na cikin dalilan da suka sa aka ɗage rufe tsohon layin daga ƙarshen 2025 zuwa Janairun 2027. Idan haka ta faru a inda ɗauke wuta labari ne, sai mu auna namu. Wanda zai sa wa iyayensa irin waɗannan kaya ya fara da sola da batir, ya zaɓi na'ura mai batirinta da layin waya a cikinta, ya kuma san wa zai riƙa sa data. Ranar da data ta ƙare, kyamara na nan a bango tana haska 'yar fitilarta, ɗa yana can yana zaton komai lafiya. Wannan kwanciyar hankali ta ƙarya ta fi rashin na'urar haɗari, domin da babu ita da ya kira.

Haka kuma yawancin kayan nan ba su tsaya da ƙafarsu ba, suna jingine da kwamfutocin kamfanin da ya ƙera su. A Afrilun 2022 kamfanin Insteon na Amurka ya kashe nasa ba sanarwa, masu kayan suka wayi gari manhajar ba ta aiki. Amazon ma ta buɗe tsarin Alexa Together a 2021 musamman don masu kula da iyaye, daga baya ta rufe shi. Kafin ka biya, tambayi mai shago: idan intanet ta yanke, me wannan abu zai iya yi shi kaɗai?

Sai maganar kyamara, wadda ita ce aka fi saye, ita ce kuma na fi shakka. A 2023 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta zargi kamfanin Ring da barin ma'aikatansa suna kallon bidiyon cikin gidajen mutane, har da ɗakunan kwana da banɗakuna, kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 5.8. Wannan babban kamfani ke nan a ƙasa mai doka. Ina ga kyamarar da ba a san ma wanda ya ƙera ta ba? Da yawa suna zuwa da kalmar sirri irin “admin” ko “12345”, abin da Birtaniya ta haramta da doka tun Afrilun 2024. A wurinmu akwai ƙarin kafa: yaron da ya zo ya haɗa kyamarar, sau da yawa a wayarsa yake buɗe asusun, ya tafi da kalmar sirrin. Ko da mutumin kirki ne, waya na ɓata, ana sayar da ita. A sa shi ya haɗa da lambar mai gida, a canza kalmar sirri yana fita.

Ko an toshe duk wannan, akwai haƙƙin tsohuwar kanta. Ɗakinta ne. A nan take cire ɗankwali, take canza zane, take ganawa da ƙawayenta, take kuka idan ta tuna waɗanda suka riga ta. Ɗa bai isa ya faɗa ɗakin mahaifiyarsa ba sallama ba, don haka bai kamata ya dasa ido a ciki dare da rana ba, balle suruki ko surukar da ke riƙe da wayar su ma suna gani. Idan tsaro ake nema, kyamara ta tsaya a ƙofar gida da zaure. A ciki, na'urar jin motsi ta wadatar: za ta nuna an tashi da asuba, an buɗe ƙofar kicin, ba tare da ta ɗauki hoton kowa ba. Masu fulas ɗin Japan sun gane wannan tun farko, shi ya sa tsofaffi suka karɓe shi. Kuma a nemi izini. “Inna, ga abin da nake so in sa, ga abin da zai nuna mini, kin amince?” Idan ta ce a'a, a'a ce. Inda lamarin ya bambanta shi ne wanda ciwon mantuwa ya kama, yana fita ya kasa gane hanyar gida. A nan 'yar na'urar nuna wuri a aljihu ko a hannu na iya ceton rai, amma shawarar ta zama ta iyali tare da likita.

Lasifikar da ake yi wa magana kuwa, a yanzu ba ta yi wa yawancin iyayenmu ba, don Alexa da Siri ba sa jin Hausa. Ƙaramar waya mai manyan madannai, an sa lambar ɗa a lamba 2, ta maƙwabci a lamba 3, ta fi su amfani nesa ba kusa ba.

Abin mamaki, kayan da suka fi ceton rai su ne mafi araha. Fitila mai batir da ke kunna kanta a hanyar banɗaki, saboda fitowar dare da ta asuba. Ƙarfen kamawa a bangon banɗaki, da shimfiɗar roba a kan tayil, tunda yanzu kowa tayil mai sheƙi yake sa wa iyayensa da sunan gyara, shi kuwa da ya jiƙe ya zama tarko. Na'urar jin warin gas a kicin, domin hancin tsoho ya rage ji, mantuwa kuma ta ƙaru. Japan tun 2008 ta wajabta wa murhun gas na gida na'urar da ke kashe shi idan wutar ta mutu ko tukunya ta yi zafi fiye da kima. Sai ƙararrawar hayaƙin janareta, wanda gubarsa ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane cikin barci. Janareta dai a waje yake zama, nesa da taga, ko da ƙararrawa ko babu.

Daga nan sai a zauna a tsara amsa. Saƙo ya iso wayar ɗa da ke Abuja ƙarfe uku na dare, mahaifinsa yana Gusau. Me zai yi? Lambar agaji ta 112 tana nan a Najeriya, amma kada a dogara da ita kaɗai. A samu mutum biyu a cikin unguwa, maƙwabci ko ɗan uwa ko wani daga masallaci, waɗanda suka amince a tashe su kowane lokaci, ɗaya yana riƙe da makullin gida. A san mai mota ko mai adaidaita da za a kira, a san asibitin da za a nufa. A rubuta sunayen magungunan hawan jini da na suga a takarda a manna bayan ƙofa. Sau ɗaya a wata a danna madannin da gangan, a kashe wutar gidan a sake dannawa, a ga ko kiran ya fita, a kuma duba minti nawa maƙwabcin ya yi kafin ya iso.