Tafkunan Hamada: Abubuwan Mamaki Daga Chadi Har Ƙofar Gida a Bwari

Idan hunturu ya kankama a Bwari, hazo yakan lulluɓe duwatsun Ushafa, har mutum ya tsaya a bakin madatsar ruwa ta Usuma ya kasa hango ƙetare. Da safe ka goga yatsa a gilashin mota, ka ɗebo farar ƙura mai laushi kamar garin alabo. Kaso mai yawa na ƙurar nan daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin ƙasar Chadi, kuma kwarin gindin wani tafki ne da ya ƙafe. Ita kanta ƙurar ragowar ƙananan halittun ruwa ce da suka mutu suka kwanta a ƙasa tun fil azal. Wata ma iska kan kwashe ta ta tsallake Tekun Atlantika, ta zube a dajin Amazon ta zame masa taki.

Wancan tsohon tafki ba ƙarami ba ne. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 350,000, wato ya zarce kashi ɗaya cikin uku na Najeriya. Shaidar zamanin ruwan tana Jihar Yobe: a 1987 wani Bafulatani yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, sai ya ci karo da katako. Da aka tono, ashe kwalekwale ne mai tsawon fiye da mita 8, ɗan shekara wajen 8,000. Har yau ba a gano jirgin ruwan da ya girme shi a Afirka ba.

Tafkin Chadi na yanzu ɗan abin da ya saura ne. A farkon shekarun 1960 yana da murabba'in kilomita wajen 25,000, sai farin 1973 da na 1984 suka lashe kusan kashi 90 cikin ɗari. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ruwansa ba shi da gishiri, alhali babu kogin da ke fita daga cikinsa zuwa teku. Dalili kuwa, ruwan yana tsiyayewa ta ƙarƙashin ƙasa, ya tafi da gishirin.

A tsibiransa 'yan ƙabilar Buduma ke kiwon shanun Kuri, farare masu ƙahoni kumburarru kamar an kifa musu goruna biyu a ka. Idan ciyawa ta ƙare a tsibiri, garke guda zai faɗa ruwa ya yi iyo zuwa na gaba, makiyayi yana biye. A gabashin tafkin kuma, matan Kanembu suna kwalfar wata koriyar gansakuka daga kududdufan kanwa, su zuba a kan yashi ta bushe, su ɓantara ta su yi miya. Dihe suke kiranta. Ita ce spirulina da kantunan magani a Turai ke sayarwa a kwalba da tsada.

Kanwar da ake jefawa a miyar kuka da bandar kifin Baga da ke cika kasuwanninmu, da yawansu daga wannan yanki suke.

Can ƙuryar Sahara akwai tafkunan Uniyanga guda 18, a wurin da ruwan sama bai cika milimita 2 a shekara ba. Rana tana shanye ruwansu kullum, amma ba su ƙafe ba, domin daga ƙasa yake ɓuɓɓugowa, ajiyar daminonin da suka wuce dubban shekaru. Wasu gishirinsu ya ninka na teku, wasu kuma ruwan daɗi ne har da kifi, ciyayi sun shimfiɗu a kansu kamar tabarma suna kare su daga rana. Itatuwan dabino a gefe, tudun yashi a baya. UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 2012.

A duwatsun Enedi kuwa, akwai mashayar Arshe, inda raƙuma ke cika kwazazzabo, kashinsu ya mai da ruwan baƙi ƙirin. A cikin wannan ruwa kadoji ke zaune, a tsakiyar hamada! 'Yan ƙalilan suka rage, kuma abin damuwa ne ƙwarai a ce zamaninmu ne zai ga ƙarshensu.

Ba sai ka fita daga Najeriya ba kafin ka ga irin waɗannan abubuwan mamaki. A Dagona, ƙaramar hukumar Bade, dubban agwagin daji da sauran tsuntsaye ke sauka kowane hunturu, sun gudo daga sanyin Turai, sun ƙetare Sahara. Yarima Philip na Ingila ya je kallonsu a 1989. Sai dai ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa tsakanin Hadeja da Nguru, masunta da manoma suna kuka da ita. A Yusufari ma akwai dausayin Bulatura, ruwa da dabino a tsakiyar tuddan yashi.

Mai son gani da idonsa ya fara da Dagona, tsakanin Disamba da Fabrairu, ya yi sammako, ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora. Bakin Tafkin Chadi ta wajen Baga kuwa, kada ka ɗaura niyya sai ka bincika halin tsaro.