Tsoho Mai Shan Maganin Tsinka Jini

Maigida, in akwai tsoho ko tsohuwa a gidanka wanda likita ya ɗora a kan maganin tsinka jini, to, ka karanta wannan takarda, ka kuma karanta wa iyalinka.

Sunan maganin warfarin. Likitoci a Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano su kan rubuta shi ga masu wasu cututtukan zuciya, da wanda jini ya daskare masa a jijiyar ƙafa, don kada gudan jini ya toshe hanya. Magani ne mai amfani ƙwarai, amma sai da awo. A 1948 don kashe ɓera aka fara sayar da shi a Amurka, sai a 1954 aka yarda a ba mutane. In ya yi kaɗan jini ya daskare, in ya yi yawa jini ya yi ta zuba.

Ga inda haɗarin ya ke. Tsoho ya kamu da tari ko gudawa, sai a aiki yaro kemis, ko a sayo ƙwayoyi wurin mai talla a kasuwar Bichi ko Dambatta. Ba a gaya wa kowa yana shan warfarin ba.

Hanta ita ke sarrafa warfarin ta fid da shi daga jiki. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su Septrin da Flagyl su kan hana ta wannan aiki, sai maganin ya taru. Cipro ma ya kan ƙara masa ƙarfi. Har wa yau irin waɗannan magunguna suna kashe ƙwayoyin hanji masu yin bitamin K, wanda da shi jini ya ke daskarewa. Tsoho kuwa hantarsa ta gaji, ga shi in ba lafiya ba ya cin abinci. Cikin 'yan kwanaki jininsa ya tsinke fiye da kima.

Ku lura da haɓo mai ƙin tsayawa, da jini a dasashi wajen yin asuwaki, da jan fitsari, da bayan gida baƙi ƙirin, da shacin kwanciyar jini a fata. In an ga ɗaya daga ciki, ko ya faɗi ya bugu a ka, a kai shi asibiti nan da nan, ko da dare ne.

Kada ya daina warfarin don ra'ayin kansa. Duk wanda zai ba shi magani, a nuna masa katin asibiti tukuna. In lalle sai ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, likita ne zai zaɓa, a kuma auna jininsa, awon da a ke kira INR, bayan kwana 3 zuwa 5. Kada wanzami ya yi masa ƙaho.

Maganin tarin fuka mai suna rifampicin shi kuwa rage ƙarfin warfarin ya ke yi, har jini ya koma daskarewa. Mai shansa ma sai an riƙa auna shi, har bayan ya gama.