Kwana Biyar a Amstadam: Kasuwa da Rana, Rawa da Dare

A tsakiyar watan Oktoba sanyi ya riga ya sauko a Amstadam, yayyafi kuma ba ya ɗaukewa da wuri. Duk da haka, wanda ya bi ta bakin magudanar ruwa ta Keizersgracht a ranar Laraba da hantsi zai tarar da titin ya cika maƙil. Mutane ne sanye da baƙaƙen kaya, kowa da katin shaida rataye a wuya da kofin gahawa a hannu, masu kekuna suna ta kaɗa ƙararrawa a ba su hanya. Tutoci masu launin rawaya da baƙi sun lulluɓe sanduna da gadoji. An buɗe Amsterdam Dance Event ke nan, wanda kowa ke kira ADE, taron da ya fi kowanne girma a duniyar kiɗan rawa na na'ura.

Farkonsa bai taka kara ya karya ba. A 1996 aka fara shi da mahalarta wajen 300, ƙarƙashin kulawar hukumar da ke tallata kiɗan ƙasar Holan. Yau kwana biyar ake yi, daga Laraba zuwa Lahadi, a wurare fiye da 200, da shirye-shirye sama da 1,000. Masu shirya taron sun ce a 2023 baƙi kimanin 500,000 suka halarta, a birnin da mazaunansa ba su kai miliyan ɗaya ba.

Da rana, cibiyar harkar ita ce Felix Meritis, wani tsohon gini na ƙarni na 18 da aka gina domin masana kimiyya da masu fasaha. A ɗakunansa ake zaman tattaunawa: mutum huɗu ko biyar a kan kujeru, mai gabatarwa a gefe, ƙasa da sa'a guda a tashi. Wanda ya zo da tunanin zai ji kiɗa zai sha mamaki, domin maganar kuɗi ta fi yawa. Ana tambayar me ya sa wanda ya haɗa kiɗa a ɗakinsa bai samu ko sisi ba, alhali wani dije ya sa kiɗan nan gaban mutum dubu goma ya karɓi lada mai tsoka. Amsar tana da sauƙin faɗa. Gidajen rawa suna biyan hukumomin haƙƙin mallaka, amma in ba a san waƙoƙin da aka sa a daren ba, kuɗin sai su tafi aljihun wasu. Shi ya sa ake ta tallar na'urorin da ake girkewa a gidan rawa su saurara su gane kowace waƙa. Duk wanda ya ga yadda ake tura waƙoƙin mawaƙan Hausa daga waya zuwa waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, mai waƙa na gefe yana kallo, ya san ciwon da ake magana a kai.

Akwai zaman da ya fi sauran armashi, wanda ake kira Demolition, kuma dijen nan ɗan Ingila Dave Clarke ya daɗe yana jagorantarsa. Matasa kan jefa kiɗan da suka haɗa cikin akwati, a zaro ɗaya, a sa shi gaban jama'a, sannan ƙwararru su faɗi ra'ayinsu ba sani ba sabo. Wani a yabe shi, wani a ce masa gangar ta danne komai, ya koma ya gyara. Yaron da aka sa kiɗansa yakan zauna kamar wanda ke jiran hukuncin alƙali.

Wasu batutuwan kuma nauyi gare su. Tun bayan mutuwar Avicii, matashin dije ɗan Suwidin da ya rasu a Maskat a Afrilun 2018 yana da shekara 28, zancen lafiyar ƙwaƙwalwa ya daina zama abin ɓoyewa. Dijen da ke tashe kan yi wasa a ƙasashe uku cikin ƙarshen mako guda, barcinsa a jirgi, abincinsa a filin jirgi. Ana kuma tattauna ƙarancin mata a jerin masu wasa, da hayaƙin da jiragen nan ke fitarwa, da fasahar ƙirƙirarriyar basira mai iya kwaikwayon muryar mawaƙi ba da izininsa ba. Asalin kiɗan ma yakan jawo muhawara mai zafi, domin baƙaƙen fatan Amurka ne suka haife shi: Frankie Knuckles a gidan rawa na Warehouse da ke Cikago, sai Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson a Ditroit. Amma manyan masu cin moriyarsa a yau galibi Turawa ne.

Gaskiyar magana, da yawa daga masu katin nan ba sa shiga ɗakin tattaunawa ko sau ɗaya. A bakin ƙofa kasuwar take ci. Lokacin taron ya faɗo daidai bayan an rufe kakar wasanni ta tsibirin Ibiza, don haka dillalan masu kiɗa da masu shirya bukukuwa suke haɗuwa su tsara shekara mai zuwa. Ganawa ta minti ashirin, a tashi, wani ya zauna a kujerar tun ba ta huce ba. Matashi kuma yana zagayawa da 'yar ma'ajiyar USB a aljihu, yana fatan ya yi kiciɓis da mai kamfanin da zai saurare shi.

Da magariba sai garin ya juya. Paradiso tsohon ginin ibada ne da aka mayar gidan kiɗa a 1968, tagoginsa masu launi suna nan a bayan dandamali. Melkweg a da masana'antar madara ce. A Gashouder, wani katafaren tsohon rumbun iskar gas mai siffar da'ira, kamfanin Awakenings ya daɗe yana shirya daren tekno, inda ganga ke bugawa sau 130 ko fiye a minti guda, har mutum ya riƙa jin ta a haƙarƙarinsa. Masu son ƙetarawa arewacin birnin sukan hau jirgin fito kyauta daga bayan babbar tashar jirgin ƙasa. A filin ƙwallo na Johan Cruijff kuwa dubban mutane ke taruwa domin bikin AMF, inda aka sha sanar da jerin dije 100 na mujallar DJ Mag. 'Yan gida sun mamaye wannan jeri shekara da shekaru: Tiësto ya zo na ɗaya sau uku a jere daga 2002, Armin van Buuren sau biyar, Martin Garrix kuma ya hau saman yana da shekara 20 a 2016.

Hukumomin birnin ba sa ɗaukar dare a matsayin abin kunya. Amstadam tana da muƙamin da ake kira magajin garin dare, mai shiga tsakanin masu gidajen rawa da maƙwabta da majalisar birni, kuma an ba wasu wurare lasisin buɗewa sa'a 24. Ƙwaya tana yawo a wuraren nan, ba mai musun haka, kuma an taɓa rasa rayuka a lokacin taron. Matakin da Holan ta ɗauka zai ba mai karatu mamaki: akwai ofisoshin da mutum zai kai ƙwayarsa a gwada abin da ke ciki ba tare da an kama shi ba. Batun kunne ma ba a bar shi ba, domin masu shirya wasanni sun amince ƙarar sauti kada ta wuce ma'aunin desibel 103, ana kuma sayar da abin toshe kunne a wuraren wasa.

A 'yan shekarun nan sautin Afirka ya samu gindin zama. Dije Black Coffee na Afirka ta Kudu ya ci kyautar Grammy a 2022, salon kiɗan amapiano kuma, wanda ya fito daga unguwannin Johannesburg da Pretoria ya ratsa Legas har ya iso wuraren bikin aure a Kano da Kaduna, yanzu yana da nasa daren da nasa zaman tattaunawa a Amstadam. Sai dai masu kiɗan Afirka da ake gayyata sukan yi kukan biza, wani a ba shi ita bayan ranar wasansa ta wuce.

Zuwa ranar Asabar, muryoyi sun dushe, idanu sun yi ja. Mai gabatarwar da ya yi jawabi kan muhimmancin barci ranar Alhamis, shi ne za a hango ƙarfe biyar na asuba a bayan dije yana ihu a kunnen wani dillali kan farashin wasan watan Yuli. Da safiyar Litinin ma'aikata za su fara sauke tutocin rawaya, filin jirgin Schiphol kuma ya cika da matafiya masu baƙin tabarau, suna gyangyaɗi a kan jakunkunansu.