Ciwon baya: tabarmar ɗaki za ta iya yin aikin injin gidan motsa jiki?

Masu kallon bidiyo a TikTok da Facebook sun saba ganin wani irin gado mai zamewa gaba da baya, mutum na kwance a kai yana jan igiyoyi da hannu ko da ƙafa. Sunansa Reformer, kuma da shi gidajen motsa jiki na Turai da Amurka ke jan hankalin masu ciwon baya da masu son ƙarfafa tsokar ciki. Duk wanda ya kalla zai iya ɗauka cewa in babu injin babu amfani. Tarihin wannan salon motsa jiki da binciken da aka yi a kansa ba su nuna haka ba.

Salon ya ci sunan wanda ya ƙirƙiro shi, Joseph Pilates, Bajamushen da aka haifa a 1883. Yaƙin duniya na farko ya riske shi a Ingila, aka tsare shi tare da sauran Jamusawa a tsibirin Man, inda ya riƙa koya wa ƴan uwansa tsararru motsa jiki. Daga baya ya koma birnin New York ya buɗe wurin horo, ƴan rawa suka yi masa caa. Shi ya ƙera injin da kansa, amma littafin da ya fitar a 1945 motsi 34 ya ƙunsa, kuma dukkansu a ƙasa ake yin su, ba tare da inji ba.

Abin da ake son ƙarfafawa shi ne tsokokin tsakiyar jiki. Akwai wadda ta zagaye ciki daga can ciki kamar ɗamara, akwai ƙanana da ke bin ƙashin baya suna riƙe gaɓoɓinsa, sai tsokar numfashi daga sama da tsokokin ƙasan mara daga ƙasa. Su ne ke tallafe kwankwaso sa'ad da mutum ya sunkuya ya ɗauki buhu ko bokitin ruwa. Ɗan kabu-kabun da ya yini kan babur, da telan da ya duƙufa kan keken ɗinki, da ma'aikacin biro, duk sun san yadda kwankwaso ke ƙagewa da yamma. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon kwankwaso a 2020, kuma shi ne kan gaba a duniya wajen hana mutane gudanar da harkokinsu.

A kan tabarma, nauyin jikin mutum shi ne kayan aikinsa. Babu abin da ke riƙe masa ƙafa ko ya daidaita masa hanya, don haka tsokokin tsakiya dole su yi aikin da kansu. Mutum ya kwanta rigingine, ya lanƙwasa gwiwoyi, ya ɗaga ɗuwawu har jikinsa ya miƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa, ya tsaya daƙiƙa kaɗan, ya sauka sannu a hankali. Ko ya durƙusa kamar mai rarrafe, ya miƙa hannun dama da ƙafar hagu lokaci guda ba tare da kwankwaso ya karkata ba, sannan ya sauya. A ido suna da sauƙi, amma wanda ya yi su daidai sau goma zai ji a jikinsa. Sharaɗin shi ne a yi su cikin natsuwa, ana numfashi, kada a riƙe shi. In daɓen siminti ne, a ninka bargo a kan tabarmar saboda ƙashin baya da gwiwa.

Shi ma injin yana da ranarsa. Sifirin ɗin da ke jikinsa ana iya ƙara masa ƙarfi ko a rage, ta yadda zai tallafa wa mai rauni ko ya ƙara wa mai ƙarfi nauyi. Tsoho da sauka ƙasa ke yi wa wuya, ko wanda ke farfaɗowa daga rauni, zai fi samun sauƙi a kansa. Wani bincike da aka yi a Barazil, aka wallafa a 2014, ya raba masu daɗaɗɗen ciwon kwankwaso 86 gida biyu, wasu a tabarma wasu a inji, tsawon mako shida. Bayan wata shida ƴan inji sun fi samun sauƙin ayyukan yau da kullum, tsoron motsi ma ya fi raguwa gare su, amma a zafin ciwon kansa ba a ga bambanci ba. Nazarin da cibiyar Cochrane ta fitar a 2015 ya ce salon Pilates ya fi zama haka nan, sai dai babu tabbatacciyar shaidar cewa ya fi sauran nau'o'in motsa jiki.

A nan tabarma ta yi zarra. OMS na ba manya shawarar yin motsin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, ban da minti 150 na motsi irin tafiya da sauri. Inji yana buƙatar kuɗi, da mai koyarwa, da zuwa wurin da yake; tabarma kuwa tana jingine a lungun ɗaki a Maradi ko Damagaram, ana iya shimfiɗa ta da sanyin safiya a yi minti goma sha biyar. Ga matar da ba ta son shiga gidan motsa jiki cikin maza, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Raunin yin sa a gida shi ne babu mai gyara wa mutum kuskure, shi ya sa zama ɗaya ko biyu da likitan motsa gaɓoɓi, wanda aka fi sani da kine, ya cancanci kuɗinsa. Mai neman rage tumbi kuma ya sani, da tabarmar da injin babu mai narkar da kitsen ciki shi kaɗai. Wannan aikin abinci ne da tafiya.

Matar da ta haihu kwanan nan, musamman ta hanyar tiyata, ta jira izinin ungozoma ko likita. Wanda ciwon bayansa ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, ya naɗe tabarmar ya tafi likita a duba shi, domin tarin fuka ma yana kama ƙashin baya.